A Kawo Ƙarshen Noma

Biu, ranar Lahadi

Zuwa ga 'yata Hamida,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da Malam Madu da 'yar'uwata Sadiƙa da ƙannenki. Yaya zafin Gombe? Mu nan kan tudu da ɗan sauƙi, sai dai gwiwata ta hagu da ta sake tashi. Yanzu a zaune nake koyar da darasin ƙarshe, ɗalibai kuma sun ce wai na fi daɗin sha'ani a zaune.

Duk mai jin Hausa idan aka ce masa noma, fartanya yake gani da garma. Kaɗan ne suka san likitoci ma suna da tasu noma, wato cutar nan mai cin bakin yaro da mutanenmu ke kira zaizayar baki. Rubutu ɗaya ne, harafi huɗu, ɗaya tana ciyar da yaro, ɗaya tana cinye shi.

Abin da ya kawo maganar shi ne, shekaranjiya a ɗakin malamai wani abokin aikina ya miƙo mini wayarsa yana dariya har da hawaye. Fosta ce da manyan baƙaƙe: A KAWO ƘARSHEN NOMA A TSAKANIN YARA. A ƙasa an ce ɗaliban likitancin haƙori ne za su je gaban 'yan majalisa. Ya ce, "Malama, kin ga 'yan boko? Sun gama da haƙora, sun komo kan fartanya. To tuwon me za mu ci, na takarda?" Ɗakin ya kwashe da dariya. Ni ban yi ba, domin suna na biyu a jerin masu magana Hamida Madu ne.

Mutane kan ce zumuncina da mahaifiyarki ya yi nisa, sai an hau kan kakanni kafin a haɗa mu. Ba su san wata biyun da muka yi mu uku a asibitin Sakkwato ba, kina 'yar shekara bakwai, an ɗinke miki kunci, muƙamuƙinki ba ya buɗuwa. A bayan kwalin magani na koya miki baƙaƙe don ki riƙa gaya mana inda yake miki ciwo. Tun daga nan takarda ta zama bakinmu ni da ke, shi ya sa har yau, duk da waya, Yuguda direba yake ɗawainiya da wasiƙunmu. Don haka da na ga sunanki sai da na fita baranda na yi kukan murna. Yarinyar da cutar ta so ta rufe wa baki ita ce za ta je ta yi magana a kanta.

Amma 'yata, ku gyara fostar nan tun da wuri. Ku rubuta zaizayar baki. A garin da kowa manomi ne ko ɗan manomi, ba kowa ne zai tsaya ga dariya ba.

Ki rubuto mini abin da kuke nema a wurinsu, da ranar zaman. Ki gaida Sadiƙa, ki ce tsamiyar da ta aiko ta ƙare.

Taki,
Ya Bawa

*

Nasarawo, Gombe, ranar Laraba

Zuwa ga Ya Bawa,

Wa'alaikumus salam. Mun ji daɗin wasiƙarki. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Kowa lafiya a gida, sai Mama da hawan jininta ya ɗan motsa, kuma za ki ji dalili.

Gargaɗinki ya zo a makare. Timoti, shugaban ajinmu, shi ya fassara fostar daga Turanci. Mu takwas muka duba ta kafin a fitar, har da ni, babu wanda ya ga komai. Shekara biyar muna karanta kalmar a littafi, muna rubuta ta a jarrabawa, har mun manta tana da wata ma'ana a bakin iyayenmu. Mun fitar da gyararriya, amma ita ba ta da ban dariya, ba wanda yake tura ta. Ta farkon ce take yawo, yanzu har da muryar wani mutum a haɗe, yana rantsuwa cewa Turawa ne suka turo mu a yi dokar ɗaure duk uban da ya kai ɗansa gona. Saƙonnin zagi sun yi yawa, na kashe wayata.

Wannan duk da sauƙi. Kin san gonar Kwadon da Alhaji Jalo ya ara wa Baba tun shekarar da muka gudo daga gida saboda rikici. Ita ce geronmu, ita ce wakenmu. Ranar Litinin Baba ya je fara shara, Alhaji ya aika a kira shi zaure. Da ya dawo da la'asar ina wanke-wanke na ji yana gaya wa Mama yadda suka yi.

Alhaji ya ce, "Madu, ranar da kuka sauka garin nan da kayan jikinku kawai, wa ya nuna maka gona?"

Baba ya ce, "Kai ne, Alhaji."

"Na taɓa karɓar dami ɗaya a hannunka?"

"Ko zangarniya."

"To yau 'yarka ce za ta tsaya gaban hukuma ta ce mu azzaluman 'ya'yanmu ne? Ni ina shekara shida aka sa mini fartanya a kafaɗa, ga ni ban mutu ba."

Baba ya ce masa ai sunan ciwo ne. Alhaji ya ce shekararsa saba'in bai taɓa jin ciwo mai suna noma ba, kada a haɗa masa butulci da ƙarya. Ƙarshe ya ce kada Baba ya sake sa fartanya a gonar sai ya ga abin da za a faɗa a majalisa ranar Talata, domin shi da ƙungiyar manomansu za su je da kansu su ji.

Mama ta ce, "Ba ka gaya masa labarin Hamida ba?"

Baba ya ce, "Fuskar 'yata ba shaida ba ce da zan kai zauren wani."

Ya Bawa, abin da muke nema bai kai wannan tashin hankali ba. Muna so duk ranar rigakafi ma'aikaciyar asibitin unguwa ta ɗaga leɓen yaro ta duba dasashinsa. Muna so a ajiye maganin kashe ƙwayoyin cuta a ƙananan asibitoci, a kuma sa kula da haƙori cikin tsarin lafiya na jiha. Cutar nan da kumburin dasashi da warin baki take farawa, galibi ga yaron da bai ƙoshi ba ko ya tashi daga ƙyanda. Idan an gani a kwanakin farko, magani da abinci sun isa. Idan aka bari, kin san sauran, kin gani a kaina.

Ni aka sa in yi jawabin Hausa. Kin san idan na tsorata iska takan kuɓuce mini ta gefen baki, kalmomi su haɗe. Kuma a makaranta kowa da takunkumin fuska yake yini, shi ya sa ba a tambayata. In ban da ƙawata Najeeba, babu wanda ya taɓa ganin kuncina a ajinmu. Wani lokaci nakan tambayi kaina ko don takunkumin na zaɓi karatun nan.

Baba bai hana ni ba. Cewa ya yi, "Ki tuna mu baƙi ne a nan." Hadari ya fara haɗuwa ta gabas, kowa yana kai taki, shi yana zaune a ƙofar gida.

Ki gaya mini abin da zan yi. Duk abin da kika ce shi ne.

'Yarki,
Hamida

*

Biu, ranar Juma'a

'Yata Hamida,

Salama da fatan alheri. Ki ce wa Sadiƙa ta rage gishiri, ta kuma daina ɓoye ƙwayoyinta a ƙarƙashin tabarma, na san halinta. Gwiwa da sauƙi.

Na karanta wasiƙarki sau uku, kuma ba zan ɓoye miki ba, na ji tsoro. Na san abin da gona take ga mutumin da ya taɓa rasa komai. Amma zo mu duba abin kamar yadda muke duba tambayar jarrabawa. Alhaji Jalo ba mugu ba ne. Mutum ne da ya yi alheri, aka ce masa an zage shi. Idan kika yi shiru, abin da ya ji a waya shi zai zauna masa a matsayin gaskiya. Babu abin da zai mayar wa mahaifinki gonar nan sai Alhaji ya ji da kunnensa cewa ba da shi ake ba.

Ga yadda nake koya wa ɗalibaina idan za su tsaya gaban manya. Ki fara da ban haƙuri, domin kuskuren naku ne, mutanen ba su yi laifi ba don sun fahimci Hausa da Hausa. Kada ki saka Turanci ko kalma ɗaya. Kada ki fara da lissafin yara dubu kaza, ba wanda yake jin tausayin lissafi. Ki kawo yaro ɗaya, ki faɗi yadda uwarsa ta ɗauka haƙori ne yake fitowa. Ki zaɓi mutum ɗaya a ɗakin, dattijo ya fi, ki yi magana kamar shi kaɗai kike gaya wa. Idan iska ta kuɓuce miki, ki tsaya, ki haɗiye yawu, ki sake kalmar. Shirun da ke kike jin ya yi tsawo, su ba su ma lura da shi ba.

Batun takunkumi kuwa, ba ni da ta cewa. Fuskarki taki ce. Ba ki ci bashin kowa da za ki biya da ita ba, ko gona ko majalisa. Da shi ko babu shi, maganarki gaskiya ce.

Da ba don jarrabawar da nake sa wa ido ranar Talata ba, da na zo na zauna a bayanki. Tunda ba hali, abu ɗaya nake roƙonki, kuma ki ɗauke shi da muhimmanci, don ban san irin fushin da za a zo da shi ba.

Kada ki je ke kaɗai.

Taki har kullum,
Ya Bawa

*

Nasarawo, ranar Lahadi

Ya Bawa,

Ina gaisuwa. Muna lafiya. Jikin Mama yana nan yadda yake.

Ruwan farko ya sauka ranar Juma'a da yamma, ya kama Yuguda a hanya bayan Dadin Kowa, gilashin motarsa kuma ba ya rufuwa. Wasiƙarki ta iso a jiƙe, tawada ta bi takardar. Na shanya ta a kan murfin tukunya. Na iya karanta gaisuwa da maganar gishiri. A tsakiya na tsinci "na ji tsoro", da "kuskuren naku ne", da wani wuri da kika ce "ki yi shiru" ko "kika yi shiru". A can ƙasa, kusa da sunanki, kalma uku ne suka fita sarai: Kada ki je.

Na ji. Na ce duk abin da kika ce shi ne, kuma ban saɓa ba. Jiya na gaya wa Timoti ya cire sunana. Ya dafe kai ya ce, "Hamida, kin kashe ni. Ni da Hausata ta sayen tumatir zan tsaya gaban dattawa?" Na ce ya yi haƙuri.

Sai dai ban zaci haka daga gare ki ba. Ke ce kika yi kukan murna a baranda. Na ɗauka ko duk duniya ta ce in zauna, ke za ki ce in tashi. Wataƙila kin ga abin da ban gani ba.

Kuma cire sunan bai gyara komai ba. Baba ya aika wa Alhaji cewa na janye, amsar da ta dawo ita ce sunan da aka buga an riga an buga, shi dai Talata yake jira. Maƙwabtan gonarmu sun yi shuka jiya. Buhun irinmu yana jingine a zaure, Baba yakan buɗe shi ya damƙi geron ya mayar. Idan Timoti ya ruɗe ranar Talata, ban san abin da za mu ci baɗi ba.

Hamida

*

Biu, ranar Litinin da safe

Hamida, 'yata,

Gaisuwa a gurguje. Innalillahi! Ba haka na rubuta ba. Ruwa ya cinye mini kalma biyu. Cewa na yi KADA KI JE KE KAƊAI. Ki je, amma da wani babba a gefenki. "Idan kika yi shiru" na rubuta, ina gaya miki shirun ne zai hallaka gonar. Ni zan ce ki zauna? Ni da na riƙe miki hannu kina rubuta sunanki na farko?

Na kira wayarki, a kashe. Na kira ta Malam Madu har hannuna ya gaji, tana shiga ba ya ɗauka, na san baƙuwar lamba yake gudu don a wayar makaranta na kira, tawa ta faɗa ruwa a makon jiya. Wannan da biro na rubuta, na naɗe ta a leda biyu, na kai wa Yuguda tasha da kaina, ya yi alkawarin za ta iso yau.

In ta same ki a kan lokaci, ga shi a taƙaice: ki fara da ban haƙuri, ba Turanci, ba lissafi, yaro ɗaya, dattijo ɗaya. Takunkumi kuma ruwanki.

In kuma ba ta same ki ba, Allah ka shaida ban hana yarinyar nan ba. Tun da na karanta taki ban iya sa komai a bakina ba.

Ya Bawa

*

Nasarawo, ranar Asabar

Zuwa ga Ya Bawa,

Assalamu alaikum. Ki ci abinci don Allah. Muna lafiya, jinin Mama ya sauka. Ki yafe mini zargin da na yi miki. Wasiƙarki ta leda sai ranar Laraba ta iso, motar Yuguda ta kwana biyu a hannun makanike. An riga an yi komai.

Ranar Talata na ce zan raka su kawai in riƙe musu hotuna. Ina sa hijabi sai na ga Mama ta fito da mayafinta na zuwa biki. Na ce ina za ta? Ta ce, "Ni na goya ki zuwa Sakkwato, Keke Napep ne zai gagare ni?" Baba yana ƙofar gida, ya bi mu da kallo.

Ɗakin zaman ya cika. 'Yan kwamitin lafiya suna gaba a kan dogon tebur, manoma sun cika kujerun hagu, Alhaji Jalo a layin farko da sandarsa a tsakanin gwiwoyi. Najeeba ta yi na Turanci lafiya. Sai Timoti ya tashi. Ya buɗe baki ya ce, "Ranku ya daɗe, mun zo ne domin noma yana kashe yara."

Ɗakin ya ɗauka. Wani ya ce, "Ƙarya kake, ɗan nema!" Wani ya ce, "Kai da me aka raine ka, da biskit?" Shugaban kwamiti yana buga tebur ba mai ji. Na ga ya rufe fayil ɗinsa yana duba agogo, na san ɗage zaman zai yi, kowa ya tafi da abin da ya zo da shi. Alhaji ya dogara sanda zai miƙe.

Ban san lokacin da na isa gaban lasifika ba. Na ce, "Iyayena, ku gafarce mu, mu muka yi kuskuren kalma." Amma ta cikin takunkumi, da tsoro, abin da ya fita ba magana ba ce. Wani daga baya ya ce, "Ba ma ji! Ki cire ƙyallen nan mana!" Aka yi dariya.

Na waiwaya na dubi Mama. Ba ta gyaɗa kai ba, ba ta girgiza ba, ta dai zuba mini ido. Sai na cire.

Ya Bawa, ban taɓa jin shiru irin wannan ba. Har ƙarar fanka ana ji. Kin san yadda wurin yake, fatar da aka ɗauko daga ƙirjina ba kalarsu ɗaya da ta fuska ba, ga bakin ya ja gefe. Na rasa inda zan sa idona, sai na sa shi a kan Alhaji, don shi kaɗai na sani. Na ce, "Baba Alhaji, wannan ita ce noman da muke nufi. Ba ta gona ba ce. Geron gonarka nake ci tun ina 'yar sakandare, ba zan zo nan in zagi fartanya ba. Ina shekara huɗu na yi ƙyanda, dasashina ya kumbura, mahaifiyata ga ta can, ta ɗauka zafi ne. Kafin mako biyu ana hango haƙorana ta kunci. Da akwai wanda ya ɗaga leɓena a asibitin garinmu, da ƙwayar magani ta ishe ni." Sau biyu iska ta kuɓuce mini, na tsaya na sake. Sannan na faɗi buƙatunmu uku na zauna.

Alhaji bai dube ni ba, ya juya ga shugaban kwamiti. Ya ce, "Ranka ya daɗe, zaizayar baki suke nufi. Ƙanwata da ita ta tafi, muna yara. To me ya hana su faɗi haka tun farko? An sa mun baro shuka mun hau mota." Wani ɗan majalisa ya ce a rubuta sunan Hausa a takardar kafin ta wuce gaba. An karɓi buƙatunmu, an ce za a duba. Malaminmu ya ce kada mu yi saurin murna, irin wannan yakan ɗauki shekara, wani lokaci ya kwanta gaba ɗaya.

Alhaji ya fita bai yi mana magana ba. Laraba shiru, Alhamis shiru, an sake ruwa. Baba ya daina buɗe buhun ma. Ni kuma bai ce mini na kyauta ba, bai ce na ɓata ba, na rasa wanne ya fi ba ni tsoro. Jiya ya daure ya je sallar Juma'a a Kwadon. Ana fitowa Alhaji ya tsaya a gabansa ya ce, "Madu, ruwa biyu ya sauka kai kana yawon masallatai? Ko so kake a ce na ba malalaci gona?" Ya wuce abinsa. Yau tun asuba Baba ya tafi da buhun da ƙannena. Da zai fita ya tsaya a ƙofar ɗakina ya ce, "Likita, a yi mana addu'a." Bai taɓa kirana haka ba.

Saura abu ɗaya. Wani ya ɗauki bidiyo, ya kuma bazu fiye da fostar. Na kunna waya na ga fuskata a ko'ina, na sake kashewa. Tun ranar ban fita ba. A da ina ɓoye abin da ba a sani ba, yanzu duk mai shago a Nasarawo ya san abin da ke ƙarƙashin takunkumin. Jibi muna da aikin asibiti a makaranta, ban san yadda zan bi layinmu ba.

'Yarki,
Hamida

*

Biu, ranar Lahadi

Likita Hamida,

Wa'alaikumus salam. Na ci abinci, har na ƙara. Gwiwa ma ta ji labari ta yi sauƙi. Ki gaida Malam Madu, Allah ya sa albarka a shuka. Sadiƙa kuwa ki ce mata na sara mata, abin da na roƙa a takardar da ruwa ya cinye, ita ta yi shi ba tare da ta karanta ba. Babu zargin da zan yafe. Daga yau dai na bar alƙalamin tawada.

Bidiyon ya iso ɗakin malamai kafin wasiƙarki. Mutumin nan mai tuwon takarda shi ya kawo mini, wannan karon ba dariya. Ya ce autarsa Ihsan ta tashi daga ƙyanda, bakinta yana wari, ko in zo in gani. Na ce ni malamar Hausa ce, amma na san abin da 'yata ta ce a yi. Na wanke hannu na ɗaga leɓen yarinyar. Dasashin ya yi ja, yana jini. A ranar suka kai ta asibiti aka ba ta magani, jiya na gan ta tana cin ƙosai. Ban san ko cutar ce take shirin kama ta ba, kuma na gode wa Allah da ba za mu taɓa sani ba. Majalisa ta yi shekararta, ke dai kin riga kin fara aiki.

Ba zan ce miki ba za a kalle ki ba. Za a kalla. Wani zai nuna ki da baki, wata za ta yi miki addu'ar da ba ki nema ba. Amma kin tsaya gaban ɗaki cike da masu fushi, kuma ƙasa ba ta tsage ba.

Ga aikin gida, tunda malama ba ta rabuwa da halinta. Gobe idan za ki fita, ki sa takunkumin a aljihu, ba a jaka ba, inda hannunki zai kai gare shi duk lokacin da kika so. Daga ƙofar gida zuwa inda masu Keke suke tsayawa kawai. Ki gaida mai shagon kwana da sunansa. In ya yi nauyi, ki mayar, ba wanda zai rage miki maki. Ki gwada sau ɗaya, sannan ki rubuto mini abin da iskar damina ta ce wa kuncinki.

Taki,
Ya Bawa